Rumfar Tumakin Auta

Ranar da Auta ta fara zuwa shagona sayen dusa, tambayata ta yi ko tumaki sau uku suke cin abinci kamar mutane. Na ɗaga kai na dube ta. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, riƙe da littafin rubutu da biro, tana jiran amsa da gaskenta. Na ce mata tunkiya ba ta san agogo ba, ta cika musu komi safe da yamma, ta ajiye ruwa mai kyau, sauran su za su koya mata. Ta rubuta duka, har da jan layi a ƙarƙashin "ruwa mai kyau".

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da bayan gidansu, gajeriya kuma, in na taka buhu ina ganin komai. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Na gani da idona, kuma tun ranar raina bai huce ba.

Su huɗu ne manya a gidan. Akwai Inna, mahaifiyarsu, wadda ɓarin jikinta ya shanye tana kwance. Akwai Yaya, babban wanta, mai gyaran batirin mota a bakin titi, da matarsa da kowa ke kira Anti. Sai ita Auta, wadda ke wanke Inna, ta juya ta, ta ba ta abinci a baki. Mai irin wannan aiki ba ta isa ta fita neman wata sana'a ba, shi ya sa ta zaɓi abin da za ta yi tana jin kiran Inna daga ɗaki. Ta kawo tumaki huɗu da rago ɗaya. Da hannunta ta kafa musu rumfa a bayan gida, da tsofaffin kwanon rufi da ta roƙa a wajen masu gini.

Wata uku abin yana tafiya daidai. Ta yi kurakuranta na sabon shiga. Ta cika musu dusa har ragon ya kwana biyu yana zawo. Ta ɗaure su da ƙullin da ke zargewa a wuya, sai da na tsallaka na nuna mata wanda ba ya shaƙewa. Ranar da ta fara yanke musu kofato ta ga ɗigon jini, ita ta yi kuka, tunkiyar kuwa ta ci gaba da tuƙarta. Na yi ta tsokanarta, ina ce mata Malamar Tumaki. Amma tana koyo, kuma na ga abin da ban taɓa gani ba, Auta tana waƙa tana shara.

Da ruwan sama ya kankama, sai ga Yaya da baro cike da matattun batura. Ya tura ƙofar rumfar da ƙafa, ya fara jera su a jikin bango.

Auta ta ce, "Yaya, nan fa ɗakin tumaki ne."

"Ai na gani. Shago ne ke yoyo. Kwana biyu ne, kafin in gyara rufi."

"Ba za su yi musu illa ba?"

"Batir? Shekara ashirin da biyar ina taɓa batir, ga ni a tsaye. Ko tunkiyarki ta fi ni tsada ne?"

Duk unguwa mun san tsawon kwana biyun Yaya, akwai wata katifa da ya ajiye a barandar maƙwabci kwana biyu, har ta zama gidan kyanwa. Baro ya yi sawu shida a ranar. Kafin mako ya zagayo ya mai da wajen wurin aiki. Yana zuwa da guduma ya fasa baturan, ya ciro farantan dalma daga ciki ya tara, baƙin ruwan ya malale a ƙasa, in ya bushe ya bar wani farin gari a daɓe da jikin ƙwanson baturan.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na gaya wa Auta dusa, na gaya mata harawa, na gaya mata maganin tsutsar ciki, amma na manta ban gaya mata gishirin lasa ba. Dabbar da ba ta samun gishiri kuwa komai ta gani lasa take yi. Wata safiya ta leƙo shagona da fara'arta ta ce, "Mai Dusa, kin ga tumakina sun samo wa kansu abin lasa, har rige-rige suke yi." Ina tsakiyar auna wa wani mutum kaya, ko juyowa ban yi ba na ce mata madalla. Wannan madallar har yau tana cina.

Ragon ya fara. Ya daina tuƙa, ya koma tauna haƙora, kana jin ƙararsu daga nesa. Kashegari ya je ya kafa goshinsa a jikin bango ya tsaya, ko an ja shi sai ya koma. Ta kawo masa ruwa ya taka bokitin, ashe ba ya gani. Safiya ta uku ta same shi a sandare. Ita kaɗai ta haƙa rami a bayan rumfa ta rufe shi.

Kafin ta wanke hannu an gama yanke hukunci a gidan. Anti ta ce, "Kiwo fa gado ne, Auta, ba a koyonsa a littafi." Yaya ya ce dusa ta yi masa yawa, ai ya sha faɗa. Inna ta kira ta ta ce ta yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare.

Auta ta yarda ita ce da laifi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta rage dusa. Ta wanke komi da ruwan zafi. Ta sake ɗura musu maganin tsutsa. Har ta zo ta tambaye ni, tana sunkuyar da kai, ko dusata ta yi fumfuna. Na ji haushi, na zazzage buhun a gabanta ta duba. Ana cikin haka tunkiya ta farko ta fara zagaya turke kamar mai neman abin da ta yar, tana kumfa a baki. Kwana biyu ita ma ta bi ragon. Waƙar shara ta ɗauke. Ina ganin Auta da sassafe ta tsaya a ƙofar rumfa ta kasa shiga, tana ƙirga kawunan da ke tsaye daga waje.

Ni na matsa mata ta kira likitan dabbobi. Ya zo a babur, ya shiga rumfar, ko tumakin bai fara taɓawa ba. Ya tsaya yana kallon jikin bango.

"Malama, wa ya ajiye waɗannan a nan?"

"Yayana ne. Kayan sana'arsa ne."

"Suna lasa?"

"Kullum."

Ya cire hularsa ya share goshi. Ya ce mata dalma ce ke kashe su, guba ce, tana taruwa a hanta da ƙoda, ta taɓa ƙwaƙwalwa ta makantar da dabba. Ya yi wa ukun da suka rage allura. Ya ce a fitar da baturan a yau, a kankare ƙasar wajen a zubar nesa, kuma duk wadda ta faɗi kada a ci namanta, kada a sayar wa kowa. Da ya shafa cikin ƙaramar cikinsu, wadda Auta take kira Gajera, ya ce wannan tana da ciki, ita ce ma ba ta sha da yawa ba.

Auta ta zauna a kan bokiti ta rufe fuska. Na ɗauka kuka take. Da ta ɗago sai na ga idonta a bushe. Ta ce, "Ashe ba ni ba ce."

Da yamma ta sami Yaya yana cin abinci, ta durƙusa ta gaya masa komai, a hankali, kamar mai roƙon alfarma.

Ya ce, "Likitan nan allurarsa yake son sayarwa. Shi ya san batir ko ni?"

"Yaya, biyu sun mutu."

"Tumaki suna mutuwa tun kafin a ƙera mota."

Ta kai maganar ɗakin Inna. Tsohuwa ta saurara, ta ce, "Yayanki ne fa. Da baturan nan muke ci, da su ake sayo min magani. Ki lallaɓa, kada ki tayar min da fitina a gida ina kwance."

Ta lallaɓa ɗin. Ta fito da tumakin ta ɗaure a tsakar gida. Ruwa ya dake su kwana biyu, Gajera ta fara tari. Anti ta ce ƙuda ya hana ta girki, ga kashi a ƙarƙashin igiyar shanya, Inna ta aiko a mai da su inda suka fito. Na yi mata tayin nawa wajen, mai gidan da nake haya ya ce ko kaza bai yarda ba. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta jira Yaya ya fita, ta fara kinkimar baturan da kanta. Wanda bai taɓa ɗaga batirin babbar mota ba bai san abin da nake faɗa ba. Ta fitar da goma sha ɗaya ta jera a jikin katanga, ta rufa musu leda. Ruwan batir ya cinye gaban zanenta ya zama kamar rariya, tafin hannunta ya yi bororo.

Yaya ya dawo ya gani. Muryarsa har cikin shagona.

"Wa ya ba ki izinin taɓa min kaya? In ruwa ya lalata su ke za ki haifo min wasu?"

Ya mai da su ɗaya bayan ɗaya. Don a ce ya yi wani abu, ya samo katako biyu ya gitta tsakanin baturan da tumakin. Ya ce, "Ga shinge na yi miki. Me kuma kike so?" Kashegari ya fasa wasu guda huɗu, baƙin ruwan ya bi ta ƙarƙashin katakon ya gangara har gindin komi. Ta yi ta zuba yashi tana sharewa, ta gajarta musu igiya, amma tunkiyar da ta saba da lasa ko ƙasar wajen ci take yi. Ta uku ta mutu ranar da likita ya cika mako da zuwa.

Saura biyu, Gajera da wata babba mai baƙin tabo a ido. Auta ta rame. Tana fitowa daga wankin Inna ta ruga rumfa, tana cikin rumfa Inna ta kira. Duk da haka babu wanda ya ce mata sannu. Abin da ake faɗa a gidan shi ne ta cika naci a kan dabba.

Wata rana da hantsi mai tabon ta faɗi tana shure-shure. Yaya yana nan yana fasa kayansa. Ya ajiye guduma, ya karɓo wuƙa ya yanka ta kafin ta cika, ya ciro waya ya kira mahauci. Da na ji hayaniya na rufe shago na zagaya. Na tarar da mahaucin a ƙofar gida da buhunsa, Auta ta tare hanya.

Ta ce masa, "Malam, guba ce ta kayar da ita. Likita ya ce kada mutum ya ci. In ka saya, ka san abin da za ka sayar wa mutane."

Mahaucin ya dubi Yaya, ya naɗe buhunsa, ya ce yana da wani uzuri a kasuwa.

Yaya ya yi kanta kamar zai dake ta. "Kin tozarta ni a gaban baƙo. Na ce miki babu wata guba. Lafiyayyen nama ne."

"Lafiyayye ne, Yaya?"

"Na faɗa na ƙara."

"To shi ke nan."

Ta karɓi wuƙar daga hannunsa, ta farke cikin tunkiyar, ta ciro hanta da ƙoda. Ta shiga kicin. Muna tsaye muna jin ƙaurin mai. Can ta fito da faranti a rufe, ta wuce falo inda Yaya ya je ya zauna yana huci, ta durƙusa ta ajiye a gabansa kamar yadda ta saba, har da ruwan wanke hannu.

"Bismilla, Yaya."

"Na ƙoshi."

"Yanka ɗaya kawai. Kai ka ce lafiyayye ne."

"Na ce miki na ƙoshi. Ɗauke min."

Ba ta ɗauke ba. Anti, wadda duk tsawon kwanakin nan ta gaskata mijinta da zuciya ɗaya, ta matso tana cewa, "Ku dai kun cika rigima. Nama mai kyau haka za a zubar? Ni bari in ci." Ta miƙa hannu ta ɗauki yanka. Auta ta yunƙura za ta riƙe ta, amma Yaya ya riga ta. Ya make hannun matarsa da ƙarfi har farantin ya kife a kan kafet.

Anti ta riƙe hannunta tana kallon mijinta.

Auta ta ce, "Ashe ka sani."

Daga ɗaki muryar Inna ta taso, "Auta, ya isa haka."

"Tun yaushe ka sani, Yaya? Tun ragon?"

Ya miƙe, ya zura takalmi. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Zan kwashe in na samu wuri."

Na taya ta haƙa rami na huɗu. Ni dai na san in na buɗe baki zagi ne zai fito. Muna gamawa ta tsaya tana kallon Gajera, wadda hantsarta ta fara cika, tana tsaye ita kaɗai a gefen katakon nan biyu.

Kashegari Yaya ya fita shago bai taɓa batir ko ɗaya ba. Auta ta wanke Inna, ta ba ta abin kari, ta shanya zannuwa. Daga nan ta kwance Gajera ta ja ta har ƙofar falon Yaya. Falon nan shi ne abin alfaharinsa, ko mu maƙwabta sai mun cire takalmi tun daga baranda. A kulle yake. Anti ta fito daga kicin, ta dubi Auta, ta dubi tunkiyar. Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe, ta koma girkinta.

Auta ta matsar da teburin tsakiya. Ta ɗaure igiyar a ƙafar doguwar kujera. Ta kawo komi ta girke a kan kafet, ta zuba dusa, ta watsa harawa, ta ajiye bokitin ruwa a gaban talabijin. Sannan ta ɗauko kujerar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa.

Da rana Yaya ya dawo cin abinci. Ya tarar Gajera ta yi abin da tunkiya ke yi, a wuri uku, kuma ta fara gwada haƙoranta a gefen labule.

"Auta, kin haukace ne?"

"Lafiyata ƙalau, Yaya. Kwana biyu ne, kafin ka samu wuri."

"Fitar min da dabbar nan."

"Ɗakinta ya zama shagonka. Ina zan kai ta?"

"Zan yanka ta a nan wajen."

"Yanka. In soya maka."

Ya juya wajen matarsa, ya ga tana ta goge tukunyar da ta riga ta bushe. Ya shiga ɗakin Inna ya fito. Ya tsaya ya ƙara kallon kafet ɗinsa. Sai ya fita da sauri.

Kafin rana ta faɗi babu batir ko ɗaya a rumfar. Ashe akwai wuri. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan shagonsa, mai rufi mai kyau, da babu komai a ciki sai tsofaffin tayoyi. Yana nan tun ranar farko. Ƙyuyar fitar da tayoyin ce kawai ta hana shi, da kuma sanin cewa abin Auta ne, abin Auta kuwa a gidan nan ba ya cikin abin da ake tsayawa a kansa. Dabbobi huɗu sun mutu a gaban idonsa, hannun ƙanwarsa ya saɓule, bai motsa ba. Kashin tunkiya a kan kafet ya tayar da shi cikin awa uku. Ni dai wannan ne abin da na kasa haɗiyewa, kuma ba na son in iya.

Kwana biyu muka yi muna kankare ƙasar rumfa, muka zuba sabon yashi. Gajera ta haihu bayan mako uku. 'Ya'ya biyu ne, ɗaya ya zo babu rai, ɗayar macen ta miƙe ta kama nono. Ita uwar idonta ɗaya ya tafi, sai ta karkata kai take ganin komi.

In ka shiga gidan yau ka tambaya, ba za a ba ka labarin tumaki huɗu ba. Labarin da ake bayarwa shi ne ranar da Auta ta yi wa Yaya rashin kunya. Dangi sun ji, sun yi ta waya. Shi kuma ya daina amsa gaisuwarta, a cewarsa sai ta gane kurenta.

Ina ɗakin ranar da Inna ta yi mata maganar, na shiga duba tsohuwa. Auta tana shafa mata mai a ƙafa.

Inna ta ce, "Auta, ki je ki ba yayanki haƙuri. Babba ne. A wuce wajen."

Auta ba ta daina shafawar ba. Ta ce, "Inna, zan wanke ki, zan ba ki abinci, zan juya ki, kamar yadda nake yi kullum, ba zan fasa ba. Amma haƙurin da zan ba Yaya yana cikin ramuka huɗun nan na bayan rumfa. In yana so, ya je ya tono."

Ta gyara wa Inna matashi, ta rufe kwalbar man, ta fita ba Gajera ruwa.